Yayen Mantau a Rugar Sambo

Ni ban san baƙi ba. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, allo ma ban daɗe a kansa ba aka kai ni ɗaki. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na roƙa a bar maganar yadda ta fito daga bakina, in kuka ya tsayar da ni a jira ni.

Abin da ya tono mini wannan zance, watan jiya aka sa ni a mota daga Tibiri zuwa Sukukutane gaisuwar rasuwa. Tun da muka sauka daga kwalta nake leƙe ta taga, ina neman dajin da na taɓa ratsawa da ƙafafuna, ban gan shi ba. Gona ta kama gona har inda ido ya tsaya, sai rairayi da kututturan itace, sai baƙaƙen ledoji da suka maƙale a ƙaya. Na tambayi direba ina gamba ta tafi. Ya ce, "Wace gamba, Iya? Ta zana? Ai a kasuwa ake sayenta." Haka muka isa. Mutanen gidan rasuwar suka ga idona ya yi ja, suka yi ta ba ni haƙuri, suna zaton mamacin nake wa kuka.

A zamaninmu, in ka fita bayan gari ka wuce gonaki, daji ne mai sunan daji. Gamba takan shanye mutum da jakinsa, ba ka sanin akwai mai zuwa sai ka ji tarinsa. Da kaka mukan tafi mu mata da lauje, mu yanko ta zana, mu tsinto gawasa, mu dawo da rana tsaka ƙarangiya ta cika mana bakin zane. Kana tafe zabin daji su tashi a gabanka, barewa ta tsaya ta dube ka kamar tana jiran gaisuwa, sannan ta yi tsalle ta ɓace. Gauraka na kuka a bakin tafki, tuje na taƙama cikin ciyawa. Raƙuman dawa kuwa sukan zo har gefen gonarmu suna cin kan gawo. Ba su da murya, ba ka jin komai sai ƙarar reshe. Surukata takan ce, "Kada ki nuna su da yatsa. Dabbar daji ba marainiya ba ce, akwai mai kiwonta, kuma ba ya son a ƙirga masa garke." Yanzu an ce ƴan kaɗan ne suka rage can wajen hanyar Yamai, har baƙi ke tasowa daga ƙasashe masu nisa a cikin mota don su gan su. Mu da muke korarsu daga wake.

An kai ni gidan mijina a shekarun da Nasara ke tattara kayansu, aka ce ƙasa ta dawo hannunmu. Ban taɓa kiran sunansa ba yana da rai, ba zan fara yau ba da ƙasa ta rufe shi. Manomi ne, mai yawan dariya, bai iya riƙe fushi ya kwana da shi ba. Na haifa masa ƴaƴa uku, duka ukun suka koma, kuma duk a bakin yaye. Yaro zai yi ɓul-ɓul a nono, yana tafiya, yana kiran akuya, ana cire shi sai zawo, sai ƙafa ta kumbura, kafin wata biyu an fita da shi a tabarma. Aka fara ce mini mai wabi. Surukata ta yanka wa aljana doguwa baƙar akuya, maigidana ya yi ta karɓo rubutu wajen malamai ina sha har cikina ya gaji. Da na haifi na huɗu, namiji, surukar tawa ta ce a riƙa kiransa Mantau, ko mutuwa ta manta da shi, kuma ta hana wanzami ya yi masa tsagenmu na Arawa. Ya kusa shekara biyu, lokacin yaye ya gabato, na daina barinsa ya yi nisa da ni don tsoro.

Tsohuwar ce ta yanke magana. Ta ce, "Ba za a yaye wannan a gidan nan ba. Abin da ke ɗaukarsu ya san ƙofar. A kai shi rugar Sambo, inda nono ba ya yankewa."

Sambo Bafulatani ne, shi ke riƙe da shanunmu biyu, kamar yadda ubansa ya riƙe na uban maigidana. Kowace kaka yakan sauko da garkensa cikin gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Kun san abin da ke tsakanin Ba'are irinmu da Bafulatani, wasa ne tun kakanni, ba a fushi. Amma na mutanen nan biyu ya wuce na kowa. Ban taɓa jin sun yi wa juna magana madaidaiciya ba. Sambo na hango maigidana zai ce, "Ga bawana nan. Ku dubi yadda aka tsage masa baki har kunne don lomar tuwo ta samu hanya." Shi kuma ya ce, "Sannu, mai ƙafar kara. Matarka ta san saniya ka fi so da ita?" Sai su riƙe hannun juna suna dariya har hawaye.

Maigidana ya daɗe da alwashin zai kai ni ziyara Sakkwato, a yi mana addu'a a hubbare. Sai aka haɗa tafiyar biyu: mu bar yaro a ruga, mu wuce ziyara, kafin mu dawo ya manta da nonon uwa. Bazara ce, an gama sharar gona, ana jiran ruwa.

Rugar tana gabas da mu, yini guda da rabi a ƙafa, kusa da wata rijiya a cikin kwari. Kwana biyu muka yi a can. Har yau ina jin safiyar rugar nan a kunnena: kukan maruƙa a igiya, ƙarar nono yana zuba cikin ƙwarya, mata na kiran kowace saniya da sunanta tana amsawa. Hayaƙin kashin shanu ya kwanta ƙasa-ƙasa, balbelu fari fat a bayan garke. Matar Sambo, Kumbo, siririya ce mai ƙaramar murya, ta girme ni, ta yaye biyar duk suna raye. Ta ɗauki Mantau ta juya shi, ta duba idonsa da harshensa kamar mai sayen maraƙi, ta ce, "Ba'ara, wannan ba shi da komai. Ku ne kuke ɗura musu kunun gero su kumbura." Ta tsoma yatsa a kindirmo ta sa masa a baki. Ya yamutsa fuska, sannan ya kama yatsan da hannu biyu.

Da za mu tafi, Sambo ya raka mu har bakin kwari. Ya tsaya ya dubi gabas, ya ce, "Ba'are, kwana goma. Iskar nan ta juya, ruwa na kusa. In ya sauka, manoma za su shuka kwarin nan, ni kuwa ba zan tsaya shanuna su shiga gonar mutum ba. In kun wuce kwana goma, za ku tarar na yi arewa da ɗanku, ya zama nawa."

Maigidana ya tuntsire da dariya. "Ji ɓarawo. Shanuna biyu ba su ishe ka ba, sai ka haɗa da ɗana? Tafi da shi mana, in ka iya ciyar da Ba'are."

"Na faɗa maka dai."

"Ka faɗa. Bara ma ka ce za ka sayar da ni a kasuwar Dogon Dutsi."

Ni ma na yi dariya. Shekara nawa mutumin nan yana cewa zai kwashe mu bayi, wa zai ɗauki maganarsa? Sai daga baya, da nake juya abin a raina, na tuna shi bai yi dariya ba.

Kwana huɗu muka yi a hanya, uku a ƙafa, na ƙarshe a bayan wata babbar mota mai ɗaukar fatu. A lokacin ba wanda ya tambaye mu takarda, ban ma san inda iyakar ƙasa take ba sai da na ga hular ƴan sanda ta sake. Sakkwato ta cika mini ido. Ban taɓa ganin gulbi da jirgi a kansa ba, ban taɓa ganin ruwa na fita daga bakin ƙarfe ba. A hubbare muka tuɓe takalma tun daga nesa, makafi na waƙar bege a bakin ƙofa, mata daga ƙasashe daban-daban zaune a inuwa, kowace da abin da ya kawo ta. Na durƙusa, nonona ya yi tauri kamar dutse yana tsiyaya ta cikin zane. Ban iya wata doguwar addu'a ba, abu ɗaya na yi ta maimaitawa: Allah Ka raya shi. Ya kamata mu juyo bayan kwana biyu. Maigidana ya ce mu tsaya mu samu Juma'a, daga nan mai masaukinmu ya ce akwai malamin da ya kamata mu gani, ya yi tafiya, jibi zai dawo. Ba zan ɗora wa mamaci laifi shi kaɗai ba, ni ma ban matsa ba. Shekara da shekaru ban kwanta ba tare da kunnena na kan numfashin yaro ba, a garin nan na yi barci kamar wadda aka sauke wa kaya. Da na ce masa kwana goma fa sun cika, ya ce, "Sambo? Yana nan zaune yana jiran tsarabar goro." Na yarda, don ina son in yarda.

Ranar sha bakwai muka hau bakin kwarin. Tun a hanya muka ga ƙasa ta jiƙe, shamuwa ta sauka a kan kuka, mutane sun fito da sungumi. Inda rugar take babu kowa. Duwatsun murhu, turakun maruƙa, zoben da bukkoki suka bari a ƙasa, shi ke nan. Wani tsoho yana shuka daidai inda Kumbo ta shimfiɗa mini tabarma. Ya ce Fulanin sun tashi kwana shida da suka wuce, sun jira har manoma suka fara yi musu magana. Sun bar saƙo, in Arawa biyu sun zo a ce musu su bi kwari su yi arewa.

Maigidana ya zauna a kan dutsen murhu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Ashe da gaske yake."

Na ce, "Maigida, gona fa?" Don ruwan shuka ya sauka, kuma wanda ya rasa shukar farko ya san abin da zai ci a shekarar.

Ya ce, "Ƙanena ya san inda iri yake. Tashi."

Kwana takwas muka yi muna bin sawun shanu. Sabuwar ciyawa ta tsiro, ƙasa ta yi kore shar kamar an shimfiɗa mata zane, tafkuna sun kama ruwa, kwaɗi na kuka tun la'asar. Maigidana yakan tsuguna ya fasa kashin shanu da tsinke ya ce na kwana huɗu ne, can gaba ya ce na kwana uku. Mun ga garken barewa da ba zan iya ƙirgawa ba, mun ga gyado da ƴaƴansa a jere wutsiya a sama, mun ga sawun kura a laka, babba kamar tafin hannuna. Wata safiya muka fito daga cikin geza sai ga raƙumar dawa da ɗanta a gabanmu, kusa ƙwarai. Ɗan yana tsotso, uwar ta lanƙwaso wuyan nan nata tana lasar bayansa. Na tsaya na kasa ɗaga ƙafa. Maigidana ya jira ni.

Duk inda rana ta yi mana sanyi, ruga muke nema. Yau wa zai shiga rugar da bai sani ba ya ce a ba shi wurin kwana? Manomi na tsoron makiyayi, makiyayi na tsoron manomi, kowa da abin da ya ɓoye a riga. A lokacin ba rugar da ta hana mu tabarma da ƙwaryar nono, kuma ba wadda ta bar mu ba tsiya. "Ba'are ya yar da ɗansa, yana nemansa a kashin shanu." "Ku zauna mana, mu ba ku maraƙi ku goya." Maigidana yana ramawa, amma da ƙyar. A ruga ta shida, bayan mun wuce Dogon Dutsi, wata tsohuwa tana tatsa ta ce ta ji an binne yaro a wani ayarin da ya wuce shekaranjiya, ƙarami, bai daɗe da barin nono ba. Ba ta san ɗan wa ba ne. Daga nan ban san yadda na yi sauran tafiyar ba. Na san dai na daina ganin barewa da tsuntsaye, duk tudun ƙasa da na hango a gindin itace sai in ɗauka kabarinsa ne.

Da hantsi muka iske su, a bakin wani tafki gaba da Sukukutane. Maigidana ya fara gane jar saniyarmu. Sambo na tsaye da sanda a kafaɗa, ya gan mu, ya taho. Na kasa kunne in ji ya ce ga bawana nan, don na san in ya yi wasa to lafiya. Bai ce ba. Ya ce, "Sannunku da hanya," kamar mai gaida baƙi. Sai na zube a ƙasa.

"Yana ina?" in ji maigidana.

Sambo ya daɗe yana kallonsa. "Kwana goma na ce maka. Na ƙara ɗaya. Da wane baki kake so in yi maka magana ka ji?" Sannan ya nuna da sanda. "Ga shi can. Ya shanye mini rabin nonon garke, ɗan bawa."

Yana can cikin maruƙa, tsirara, an aske shi an bar masa tukku irin nasu, jikinsa na ƙyalli da man shanu, ya kama wutsiyar wani maraƙi yana ja. Ya yi ƙiba. Ban taɓa ganin ɗana bayan yaye yana tsaye da ƙarfinsa ba sai ranar. Yaron da aka binne na wata ruga ne. Ban san uwarsa ba, amma har yau ina sa ta a addu'a. Na kira Mantau. Ya juyo ya dube ni, ya saki wutsiyar, ya ruga ya ɓuya a bayan zanen Kumbo.

Kumbo ta ce, "Kunya ce, kwana biyu zai saba. Ɗauki abinki, Ba'ara, na gaji da wankin kashinsa."

Kwana uku muka yi a rugar, kuma ya saba ɗin, har yakan hau cinyata. Safiya ta huɗu maigidana ya ɗaure kaya. Ni kuwa ina zaune ina kallon yaron yana shan nono mai ɗumi daga ludayi, ina tuna abin da zan mayar da shi cikinsa. Damina a garinmu, rumbu ya yi ƙasa, kunu ya yi ruwa, sauro ya tashi, ga ƙananan kaburbura uku a bayan gida.

Na ce wa Kumbo, "Yaya, in na bar shi har kaka fa?"

Ta ajiye ludayin. "Wannan wasa ne ko magana?"

"Magana ce."

Ta dubi maigidana. Shi kuma ya dubi ƙasa, ya ce, "Ita ta ɗauki cikin ukun da muka binne. Abin da ta ce."

Kumbo ta ce, "To ki tafi yana cikin maruƙa, kada ki yi masa sallama. Amma ki sani, saniya nake iya mayar miki yadda kika ba ni. Yaro ban yi miki alkawari ba."

Haka na yi. Na bi bayan maigidana, ina jin dariyar Mantau a cikin maruƙa har muka sha kwanar tafkin.

Da kaka su Sambo suka sauko gonarmu, yaron yana gudu, yana Fulatanci. Na ce bari ya ƙara shekara, ƙashinsa ya yi ƙwari. Wata kakar na sake cewa haka. Duk shekara ina ganinsa wata biyu, in kai masa tuwo, ya ci yana kallona yadda ake kallon wata matar kirki ta cikin gari. Da ya kai bakwai na yi ƙarfin hali na riƙe shi. Kwana huɗu bai ci ba, yana zaune a bakin zana yana kallon hanyar da shanu suka bi, har maigidana ya ɗauke shi a wuya ya mayar. Bayan Mantau na haifi mata biyu, na yaye su a ɗakina da nonon jar saniya da Sambo ya dawo mana da ita, duk sun rayu, a gidan ɗayarsu nake zaune yanzu. Wani lokaci nakan ce da na ɗauko shi ranar nan, wataƙila da shi ma ya rayu a hannuna. Wani lokaci nakan ce da yanzu kabari huɗu ne. Ba wanda zai faɗa mini.

Sambo da maigidana ba su bar wasansu ba har mutuwa ta raba. Sai dai tun ranar tafkin, in Sambo zai yi masa magana ta gaske yakan fara cire malfarsa daga kai, shi kuma ya yi shiru ya saurara. Sambo ya riga shi rasuwa, Kumbo ta bi, sannan nawa ya tafi ya bar ni da wannan labari ba mai taya ni tunawa.

Mantau yana raye, har da jikoki. Dajin da ya tashi a ciki ya ƙare, sai ya yi kudu da shanunsa, can ƙasashen da ban san sunansu ba, ba ya zuwa sai bayan shekara biyu ko uku. Kumbo yake kira Inna har ta rasu. Ni kuwa tun yana yaro ya ji ana ce mini Ba'ara, ya ɗauka, wasan ya zame mana hanyar magana don ba mu da wata. In ya shigo zai ce, "Ba'ara, har yanzu kina nan? Ina tuwona?" Ni kuma in ce, "Ɓarawon kara, wanke ƙafarka kafin ka taka mini tabarma." Gida ya ɗauki dariya, ni ma in yi.

Zuwansa na ƙarshe, bayan sallar layya, ya kawo mini man shanu cike da ƙwarya. Ya kwana biyu. Da zai tafi ya zo ƙofar ɗakina ya tsuguna, ya cire malfarsa ya ajiye a ƙasa. Ya ce, "Hanya ta yi nisa yanzu, kuma ba lafiya a daji. Ban san ko zan sake zuwa ba. Ki sa mini albarka."

Na miƙa hannu na ɗora a kansa. Rabona da taɓa kan nan tun yana ɗan shekara bakwai. Gashin ya zube, ɗan abin da ya rage duk ya yi fari. Na buɗe baki in yi addu'a, sai na ji ina tambayarsa ko ya ci abinci.

Ya ce, "Na ci." Bai ɗaga kansa ba, ni ma ban ɗauke hannuna ba.